Idon Habu Na Jiran Maganarka

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Ya aiki, ya iyali, ya jikin Hajiya? Mu a Ƙanƙara lafiya lau, sai idon ɗana Habu.

Likita ya ce sai an yi mishi aikin leza, wato gyaran ido da haske, kuma aikin iri biyu ne. Malam Isa na Ketare an kankare mishi saman ido, ya sha raɗaɗi, amma yanzu yana karatu ba tabarau. Wani direban Sheme ya zaɓi mai saurin warkewa, ga shi hasken fitilar mota na watse mishi da magariba. Habu kuwa da babur yake ciyar da mu.

Tun rasuwar uban Habu kai ke yanke magana, shi ya sa na ce ma likita sai Yaya. Wayarka ba ta shiga. Jiya Habu ya faɗa rami da fasinja saboda bai gani sosai.

Gai da yara, a sa mu a addu'a. Don Allah ka zaɓa.

Ƙanwarka,
Binta