Kogin da ke Batha

Maraɗi, Maris 1994

Ƙanena Ubale,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Rufaida da yara. Ya aikin ofishin jakadanci?

Ubale, ɗana Bachir ya bar Saudiya. Tun bara ba wasiƙa ba kaset, sai ga wani mai umara ya kawo hotonsa, ba ko kalma a baya. Yana tsaye bakin kogi, ga itatuwan kwakwa, ga jirgin ruwa mai rumfa. Kowa ya ce babu kogi a Riyad. Maƙwabcinmu Alhaji Maikuɗi ya ce Indiya ce, ya gani a fim. Ikilima matar Bachir ta ce tunda ya sake ƙasa bai gaya mata ba, bayan Babbar Salla za ta je gaban alƙali a raba auren. Ban ga laifinta ba, amma ba na son rasa ta.

Ka nemo mini shi. Hoton ba zan aiko ba, shi kaɗai gare ni.

Yayarka, Delou

Riyad, Afrilu 1994

Yaya Delou,

Ina gaishe ki da girmamawa. A gaida Alhaji Maikuɗi, masanin ƙasashen duniya.

Bachir da bai iya tsallake kwalbati ba sai an riƙe masa hannu, ban ga yadda zai kai Indiya ba. Amma Indiya ta zo nan da kanta. Akwai unguwa a tsakiyar gari, Batha, inda Indiyawa ke cika lunguna ranar Juma'a har ba wurin sa ƙafa. Masu ɗaukar hotonsu kowa da labulen da aka zana garinsu a jiki, lebura ya tsaya gabansa ya aika gida. Ina zaton kogin Bachir na yadi ne.

Tunda kin hana ni hoton, sai na ɗauki kyamarata na shiga. Shekaruna a garin nan ban san unguwar ba sai ta tagar mota. Na karanta tarihin Indiya a littafi, ga ta a bayan tashar bas ban taɓa gaishe ta ba. Ana sayar da fure a zare, da atamfarsu mai sheƙi, da wata waina mai faɗi kamar sinasir wadda ta sa na yi hawaye a bainar jama'a. Nan ba a son ɗaukar hoto a titi, don haka kyamarar tana ƙarƙashin babbar riga, ina tafe kamar mai ciwon ciki.

Na bi shagunan hoto ɗaya bayan ɗaya ina roƙon a bar ni in ɗauki hoton labule. Wani ya tambaye ni ko ba na so in shiga ciki ne, wani ya ɗauka zan buɗe shago in kwashe masa mutane. Ga abin da na samu. Ki jera su kusa da na Bachir ki duba. In babu, zan koma. Lunguna ba su ƙare ba, ni ma haka.

Ƙaninki, Ubale

Maraɗi, Afrilu 1994

Ubale,

Bayan gaisuwa. Na ga hotuna, har da na wainar, wanda ba wanda ya tambaye ka. Labulen Bachir shi ne mai farin tsuntsu bisa jirgi. Akwai wani ɗan abu fari a cikin ruwan, dab da gwiwar Bachir, a naka ma akwai. Ikilima ta ce ko da labule ne, labule ba ya hana mutum yin magana. Ka hanzarta.

Delou

Riyad, Mayu 1994

Yaya,

Gaisuwa da albishir. Ɗan abin nan fari makunnin fanka ne, an huda labulen don shi.

Na koma wurin mai shagon, wani dattijo ɗan Kerala ta Indiya, Abdulkadir. Na kwatanta masa Bachir, ya ce bai san shi ba, ya kawo mini shayi. Na dawo kashegari, ya sake kawo shayi. Sai da na nuna masa wasiƙarki na fassara masa maganar alƙali, sannan ya leƙa ƙofar baya ya yi kira.

Bachir guga yake yi a shagon wanki na bayan nan. Ya gudu daga kafilinsa, wato wanda ya ɗauko shi aiki, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, Indiyawan nan suka ɓoye shi suna ci da shi. Tsoro ya hana shi aika adireshi, kunya ta hana shi kaset. Ya ce, "Kawu, so na yi su ga ina wuri mai kyau."

Na ce ai sun gani, har sun kusa raba shi da matarsa.

Maganar takardunsa na fara bi, ba zan yi miki alkawarin rana ba. Ga kaset da muryarsa, na Ikilima ne, kada a kunna a tsakar gida. Ga kuma hoto. Na sa Abdulkadir ya ja da baya sosai: kogin ya fito da ƙusoshinsa, da fanka, da bokiti, da ni da ɗanki a tsakiya.

Allah ya bar zumunci.

Ubale

Maraɗi, Mayu 1994

Ubale,

Allah ya yi maka albarka, kai da mai shayin.

Ikilima ta shiga ɗaki da kaset, ta daɗe. Da ta fito ba ta ce ta fasa ba, ba ta ce za ta je ba. Ta ce ya rame. Ta ɗauki hoton mai bokiti ta sa a jakarta, ta bar mini na kogin.

Kai kuma ka yi tumbi. Ka rage wainar nan.

Yayarka, Delou