Waƙar Ɗan Tayi Da Na Rubuta Za Ta Sa A Kori Ɗalibata

Abla Ihsan, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ina koyar da ilimin halittar ɗan tayi a wata kwalejin likitanci a Iskandariyya. Da Turanci muke koyarwa, kuma ni a makarantar sistoci na tashi, inda aka ɗura mana tsofaffin waƙoƙin Ingila na yabon Mahalicci har suka zauna mana a ka. Don haka nakan ɗauki karin waƙa, in zubar da kalmominta, in cika ta da matakan halitta: ɗigon maniyyi, gudan jini, tsoka, ranar da zuciya ke fara bugawa. Ɗalibai su yi dariya, su haddace, su ci jarrabawa.

Akwai guda ɗaya da ba don aji na rubuta ba. Shekaru uku da suka wuce na yi ciki, a wata na biyar hoto ya nuna ƙoƙon kan yaron bai rufe ba. Ni da ke koyar da wannan a allo, tun kafin likita ta buɗe baki na gani. Na haife shi, ya yi awa ɗaya ya koma. Bayan arba'in na zauna na yi waƙa a bakin ɗan tayi, yana tsokanar mala'ikan da aka aiko ya rubuta masa arziki da ajali, yana tambayarsa me ya sa ya sha wannan doguwar tafiya saboda awa ɗaya. Ko mijina Midhat bai san da ita ba.

Bana cikin kuskure ta shiga takardun da na raba. Wata ɗaliba, Tasnim, ta ɗauka irin sauran ce, ta karanta ta a walimar ƙarshen shekara. Waɗanda suka san tsohuwar waƙar Ingilar da na ari karinta suka yi dariya. Wani ya ɗauka a waya, ya fassara ta da Larabci, ya watsa. A Larabcin babu kari, babu wasa, sai izgili tsirara. Jama'a suka fusata. Yanzu an dakatar da Tasnim, ranar Laraba kwamitin kwalejin zai zauna kan korarta. Ta ƙi faɗin wanda ya rubuta. Jiya muka haɗu a matakala, ta gaishe ni, ta wuce.

Abla, tsoro nake ji. In na yi magana aikina ya tafi, mahaifina kuma limami ne a unguwarmu. Kuma ban sani ba ko na yi saɓo.

Malama mai ƙunar zuciya

Ƴata, Allah ya jiƙan yaronki. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin na iya ɗaukar alƙalami.

Tsoronki ba na banza ba ne. Aiki zai iya tafiya, mahaifinki zai sha magana a masallaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Su ma waɗanda ransu ya ɓaci ba mahaukata ba ne, abin da suka karanta ke nan, ba su san kabarin da ke bayansa ba.

Batun saɓo ba ni zan yanke ba. Ki nemi malami mai sanyin hali, ki faɗa masa komai, ki yi istigfari. Abin da ni na ji a ciki kukan uwa ne da ya rasa hanyar fita.

Amma batun Tasnim ba ya buƙatar fatawa. Yau ki faɗa wa Midhat, ɗansa ne shi ma. Gobe ki je wa mahaifinki da kanki, kada ya ji a waje. Sannan ki rubuta wa kwamiti kafin Laraba, ki ce ke kika rubuta, ki faɗi dalili, ki tafi da lauya.

Yarinyar nan shekararta ashirin, tana rufa miki asiri da karatunta. Ba ki da yadda za ki yi da abin da ya sami ɗanki. Wannan kuwa a hannunki yake. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya miki.

Abla Ihsan