Aikin da Zainu Ya Samu

Madinat Nasr, Alƙahira
Maris 2013

Yaya Husaina,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kar ramar da kuka gani a hoto ta dame ku.

Na san babar Zainu ta riga ta kawo muku albishir cewa ya samu koyarwa a wata makaranta a unguwar Mohandessin. Ba ta faɗa muku tare muka nema ba. Makarantar na son mai koya wa ɗalibai shawo kan jama'a da magana, ta hanyar tsofaffin huɗubobi da jawaban Amurka. Ni na karanta su, Yaya. Ni na zaunar da Zainu a ɗakinmu ina ce masa, "Kalli mutane ido cikin ido, ka ɗaga murya."

Ranar gwaji sai shugabar makarantar ta zauna a gaba, dattijuwa, sa'ar Inna. Wallahi kaina ya ƙi ɗagowa, har na gama darasin ina kallon takalmana. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, kai ma ba ka yarda da maganarka ba." Zainu kuwa ya tsura mata ido, da kalmomina a bakinsa.

Na taya shi murna, ai ɗan'uwa ne. Sai dai in na ji shi da safe yana goge riga yana waƙa, shayi ma ba ya shiga.

A sa ni a addu'a, a aiko min da yaji in an samu mai zuwa. Ki gaya wa Inna tarbiyyarta ta sunkuyar da kai gaban manya ta iso Masar lafiya, ko ƙwarzane babu.

Ƙaninki,
Ɗanmalam