Lambar da Ya Haddace

Alhamis, 29 ga Fabrairu, 2024

Sun rufe mini layi. Tun safe waya ba ta kira, ba ta karɓa. Na ɗauka sabis ne, har na fita bakin titi ina ɗaga ta sama. Sai da ɗiyata Nusaiba ta duba ta ce, "Inna, ba sabis ba ne, ba a haɗa layin da lambar ɗan ƙasa ba."

Masu sayen ƙuli-ƙuli ba su dame ni ba, duk Ƙaura an san ƙofar gidana. Yaron nan nawa nake ji. Wata bakwai ke nan da tafiyarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur, kabu-kabu ya daina ciyar da shi, ya sayar da babur, ya bi ta Jangeru ya shiga Nijar, daga can Aljeriya wurin aikin gini. Ba shi da waya. Sai in ya samu aro yake kira, bayan wata biyu ko uku. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ita ce wannan da suka rufe.

Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba, ko a littafin nan ba zan fara ba. Kakarsa ta goye shi a Moriki, shi ya sa Yaya yake ce mini.

Litinin, 4 ga Maris

Na je wurin masu rajistar layi da katina. Tun hantsi ake jerin gwano, sai bayan azahar na kai. Ma'aikacin ya danna na'ura ya ce, "Hajiya, ai layin ba naki ba ne, na Namadi Moriki ne. A kawo mai layin."

Na ce masa mai layin yana nan a maƙabarta bayan tashar jirgi, shekara huɗu yana kwance, in zai iya tayar da shi bismilla, ni ma ina da maganar da zan yi da shi.

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ya ce to sai takardar mutuwa da takardar rantsuwa ta kotu, kuma a Gusau ake ƙarasawa. Malam, marigayi maigidana, shi ya saya mini layin tun ban san bambancin biyu da biyar ba. A kansa na koyi lambobi a ajin manya. Yau an ce ba nawa ba ne.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi na shida. Kamalu, ƙanen Malam, ya zo gaisuwa da rediyonsa a kafaɗa. Wasu masana ne ake hira da su. Ɗaya yana cewa rufe layukan nan zai karya ƙashin bayan ɓarayin daji, ɗaya yana cewa talaka za a wahalar. Kamalu sai gyaɗa kai yake wa na farko.

"Matar yaya, mi kika sani ga harkar tsaro? Da waya suke neman kuɗin fansa, dole a san mai kowane layi."

Na ce masa kusan shekara uku da suka wuce ba layi ɗaya aka rufe ba, Zamfara gaba ɗaya aka kashe wa sabis wata da watanni, aka hana cin kasuwa, aka hana sayen mai a jarka. Wa ya ji a jikinsa? Mu da muka rasa yadda za mu ji lafiyar 'yan'uwa a Zurmi. Ɓarayin kuwa yau ma suna nan. Sun tare hanyar Moriki ko ba su tare ba?

Ya ce ajin manya ne ya buɗe mini baki. Na ce da ma bakin a buɗe yake, alƙalami kawai aka ƙara masa.

Laraba, 3 ga Afrilu

An ƙara kuɗin lantarki. Wai masu samun wuta awa ashirin a rana ne za su biya. Awa ashirin! A wace ƙasa suke? Kwananmu goma sha ɗaya ba mu ga ƙyallinta ba.

Duk da haka na kai wayar shagon caji. Nusaiba ta ce me zan yi da cajin wayar da ba ta kira. 

Talata, 23 ga Afrilu

Gusau. Ban fasa Ayatul Kursiyyu ba tun daga tashar Ƙaura har muka shiga gari. Na kai takardu duka biyu a leda, ko lanƙwasa ban bari sun yi ba.

Wata mai gilashi ta karanta ta ce ba za ta yiwu ba. A takardar mutuwa Muhammadu Abdulrashid aka rubuta, sunansa na yanka da na mahaifinsa. A layi kuwa Namadi Moriki, sunan da duk duniya ta san shi da shi, wanda ya faɗa wa mai rajista a gindin bishiya shekarun baya. Ta ce a wurin na'ura mutum biyu ne.

Na ce ashe maza biyu na aura shekara ashirin da shida ban sani ba. To wane ne ya mutu a ciki? Ku faɗa mini in je in nemi ɗayan.

Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba ni ba ce, tsari ne." Na ga alama ta ji tausayi. Amma shi tsarin ba a nuna mini ofishinsa ba.

Waɗanda suka zauna suka tsara abin nan, babu ko ɗaya a cikinsu da aka taɓa kira da laƙabi? Garinmu wa ake kira da sunan yanka?

Talata, 14 ga Mayu

Na haƙura na sayi sabon layi da sunana. Na rubuta lambar a takarda shida da hannuna, manyan baƙaƙe. Na tafi kasuwar Shinkafi na raba wa direbobin Maraɗi, ko Allah zai sa ta kai Agadas, ta faɗa hannun mai zuwa can. Wani direba ya ce, "Inna, Aljeriya ai ba unguwa ba ce. Mi ne sunan yaron?" Na juya na dubi Nusaiba, ita ta faɗa masa.

Juma'a, 28 ga Yuni

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci ina kiran tsohuwar lambar. Matar nan ta cikin waya ta ce ba ta aiki. Na san muryarta yanzu fiye da ta maƙwabciyata.

Laraba, 4 ga Satumba

Mai ya sake tashi. Injin niƙa ya ƙara, motar kasuwa ta ƙara, gyaɗa ta ƙara. A rediyo wani ya ce mu daure, daɗin yana gaba. Muryarsa ta ƙoshi ce.

Na rubuta wa gidan rediyon wasiƙa, shafi biyu, kwana uku ina yi. Na ce ku da kuke gardama kan ko tallafi alheri ne ko asara, ni ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, doka ɗaya ta fitar mini da ɗa daga ƙasa, doka ta biyu ta toshe hanyar da zai gaishe ni. In yana raye ban sani ba, in ya kira ya ji a rufe ya ɗauka na mutu, ban sani ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ba su karanta ba. Gaishe-gaishen biki suka karanta.

Talata, 21 ga Janairu, 2025

An yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira. Wai man injinan da ke ba turakunsu wuta ya yi tsada. Kamalu ya zo yau shiru, ba rediyo. Ya jingine motarsa tun watan jiya. Na ce, "Masanin tsaro, yau ba sharhi?" Ya ce, "Bar ni, matar yaya, abin wanga ya kai mu duka." Na zuba masa fura. Ban ji daɗin cin nasarar ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ta shiga.

Na kira kamar kullum, sai na ji tana ringin.  Mace ta ɗauka, ta yi Turanci, na kashe.

Sun sayar wa wata da lambata. Nusaiba ta ce haka suke yi, in layi ya daɗe a rufe sai a ba wani. Lambar da Malam ya saya, lambar da yaron yake ɗauke da ita a kansa. Ni da takardar kotu an hana ni, ita da shigarta shago an miƙa mata. Yau ban yi girki ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na sake kira da niyyar faɗa. Na ce ke wace ce da za ki riƙe mini layi? Sai ta ce da Hausa mai gargada, "Mama, sannu. Ni Dooshima. Ni ya saya a shago, ban sata ba."

'Yar Binuwai ce, doya take sayarwa, a kasuwa ta koyi Hausa wurin masu lodi. Na fasa faɗan. Na faɗa mata komai, katina ya ƙare a tsakiya. Ita ta kira ni na ƙarasa.

Ta ce in ya kira za ta ba shi sabuwar lambata. Amma masu damfara suna yawan kira, yaya sunansa? Na ce zai ce Yaya. Ta ce, "Sunan shi fa?" Na ce zan aiko.

Nusaiba tana Islamiyya. Na zauna da wayar a cinya har la'asar. Sannan na danna baƙi bakwai, ɗaya bayan ɗaya, na tura. Rubutu ai ba faɗa ba ne.

Juma'a, 7 ga Maris

Yanzu Dooshima nake kira ranar Juma'a. Minti ɗaya, saboda tsadar da suka jawo. Ba ta kashe wayar ko a coci, ta ce a jaka take sa ta tana motsi. Ƙaramin ɗanta yana haƙori, na faɗa mata abin da muke yi. Ta tambaye ni ko gaskiya ne ba ma shan ko ruwa da azumi.

Wata biyu zan ba ta, in ta gaji ba zan ga laifinta ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Salla. Dooshima ta fara kira na, wai barka da shan ruwa. Daga wajen yaron kuwa, shiru.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ina tuyar ƙuli da hantsi, mata huɗu suna jira, Kamalu yana zaure. Dooshima ta kira tana haki: "Mama! Ya kira! Ya ce Yaya, na ce ba Yaya ba, tsaya, kar ka kashe! Na ba shi lamba sau uku. Ajiye waya, ajiye!"

Na ajiye. Ƙuli yana ƙonewa ina kallo. Sai ga baƙuwar lamba, doguwa.

Muryar tana zuwa tana ɗaukewa. Na ji "Yaya," sai shuuu. Na ce kar ta yanke, ya Allah kar ta yanke. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai dai na ji wata tana ihu a tsakar gida, "Rilwanu! Rilwanu, kana ji na?"

 Kamalu ya leƙo.

Can sai na ji dariyarsa, tana rawa. "Yaya, ashe kin san sunana?"

Yana lafiya. Ya rame, in ji shi. Sau tara ya kira a bara yana jin a rufe, har ya yi mini addu'ar da ake yi wa mamaci. Na sa ya karanta sabuwar lambar sau biyu, na ba shi ta Nusaiba, na ce ya rubuta a bango in babu takarda, don ban yarda da masu tsari ba, gobe ma za su tashi da wata.

Maganar suna kuwa, sabis ne ya yi rauni. Da yana da ƙarfi ba zan yi ba. Masu sabis ɗin za a tambaya.

Gobe Juma'a. Zan kira Dooshima in ji haƙorin ya fito ko bai fito ba.

Rilwanu. Haka ake rubuta shi.