Amsar da Kamfani Ya Saya

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Mama da dukan mutanen gida. Tun da ka ce saƙon waya ba saƙo ba ne, ga takarda da biro, yadda ka hore mu.

Na san ban kyauta ba da na bar jami'a ban gama babi na huɗu na kundina ba. Amma ka san halin gidanmu tun da Baba ya kwanta ciwo. Digirin digirgir ba ya ɗora tukunya sai an kammala shi, ƙannena kuwa ba za su jira ba.

Aikin nan wata duniya ce. Kamfanin bincike ne, sai dai ba irin binciken da ka sani ba. Mutum zai zo da tambayarsa, mu nemo masa amsa, ya ɗauka ya tafi. Ofishinmu falo ne dogo, an yayyanka shi da katako kamar akurkin kaji, kowane akurki da mai buga waya, da abin saurare a kunne. Ni ce mai tsara tambayoyin, in saurari hirarrakin da aka naɗa, in rubuta rahoto. Rahotona na farko ya yi kaurin littafi. Manajarmu ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Daktar gobe, wa kike so ya karanta wannan? Rage min shi, ki sa hotuna." Na rage, amma na ji kamar naman jikina nake yanka.

Ga abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto. Wani kamfanin magani ya ba mu aiki: me ya sa dattawa ke daina shan maganin hawan jini? Malam, tambayarka ce! A kanta ka yi furfura, a kanta nake kundina. Mu da muke yawon asibitoci a motarka mai tari, mu samu 'yan tsirarun mutane da ƙyar, a nan dubbai za a kira kafin wata ya mutu. Na yi murna, na kuma ji haushi, don kai ya kamata a ba wannan damar.

A gaishe min da Mama.

Ɗalibarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, muna kuma yi wa mahaifinki fatan sauƙi. Takardarki ta iso, Mamanki ta karanta kafin ni, kamar yadda take yi wa duk abin da ya shigo gidan nan da suna a bayansa, har takardar wutar lantarki.

Ban riƙe ki a zuci ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, na ji zafin tafiyarki. Na sa miki Auta ne don na san bayanki ba zan ƙara ɗaukar ɗalibi ba. Kujerarki tana nan a ofis, sai dai na jibga mata takardun jarrabawa don kada in riƙa ganinta wayam.

A ƙarshen zangon nan zan yi ritaya, kuma an ce sai na yi laccar bankwana. To me zan ce musu? Shekara da shekaru ina rubuta tsada, da nisan asibiti, da ƙarancin ilimi. Amma ni da ke mun ga masu ilimi, masu hali, waɗanda aka kai wa maganin kyauta har ƙofar gida, suka sha kwana biyu suka ajiye. Wannan ramin ban cike shi ba, kuma ba na so in sauka daga aiki yana nan buɗe. In kin leƙa kin ga abin da ke ciki, ki sanar da ni kafin ranar. Abin da nake roƙo ke nan a wurinki, ba babi na huɗu ba.

Ga abin dariya: likita ya ɗora ni a kan maganin, ni ma. Mai bincike ya koma abin bincike. Na yi masa gardama, ya ce wanzami ba ya son jarfa.

Allah ya yi miki albarka.

Malaminki

*

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar jinkirin amsa. Ya jikin naka?

Na leƙa ramin, kuma na gani. Ba ma a cikin tambayoyin da na tsara ya fito ba. Masu buga wayarmu kan ce, "Baba, akwai abin da za ka ƙara?" don su sallami mutum, to a nan ne dattawan suke gyaran murya, sannan su faɗa. Na ji daga ɗaya, na ji daga goma, har na daina mamaki. Kullum kana ce mana mai bincike ya kalli idon mutum. Ashe akwai maganar da ba ta fitowa sai babu ido. Abin da suka ɓoye mana muna zaune a gabansu da katin jami'a a wuya, sun faɗa wa muryar da ba za su taɓa haɗuwa da ita ba.

Sai dai, Malam, ba zan iya gaya maka ba. Ranar da na kama aiki na sa hannu cewa duk abin da muka gano na wanda ya ba da aikin ne. Na sami manajarmu na ce malamina ne, tsoho ne, lacca ɗaya ce. Ta ce, "Ke, so kike ki rufe mana kamfani? Amsar nan saye aka yi, kamar kujerar da kike zaune a kai."

Abin takaicin, masu ita ma ba sa so. Sun so ne a ce tsada ce, su yi tallar rangwame. Da na gama bayani sai babbansu ya rufe kwamfutarsa ya ce, "Mun gode, za mu duba." Tun ranar ba wanda ya sake tayar da zancen. Ga amsa a hannuna, mai sonta ba zai samu ba, mai ita ya jefa ta a durowa. Ban taɓa nadamar barin ofishinka kamar wannan makon ba.

Ka ba ni lokaci in nemi hanya. Malam, kana dai shan naka kullum?

Ɗalibarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na fahimta. Alkawari kaya ne, kuma ni na koya miki riƙon amanar wanda ya ba ki magana, ba zan zo da tsufana in ce ki karya ba. Sai dai ban zaci zan rayu in ga ilimi da kwaɗo a baki ba. Zan hau dandamali in maimaita musu tsada da nisa, su tafa, a ba ni agogon bango.

Magani ina sha ranakun da nake gida. Ranar aji sai na dawo, in ban manta ba. An mayar da mu sabon zaure a hawa na sama, aji mai tsawon tsiya, makewayin hawan kuma a kulle, makullin yana hannun sakatariya, yarinyar da na yi jika da ita. Wannan ba zancen takarda ba ne, tsufa ne kawai, ban ma san abin da ya sa na rubuta ba.

Ki kula da aikinki.

Malaminki

*

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama.

Takardarka ta yi makonni a jakata. Tun da na karanta zancen makewayin nan na gane abin da ke damunka, amma abu biyu suka ɗaure min hannu: tsoron rasa aiki, da nauyin bakin da nake ji a gabanka. Yau na ajiye duka biyun. Ka yafe min rashin kunyar.

Irin maganin da aka fi ba waɗanda muka kira yana sa mutum zagayawa a kai a kai. Shi ke nan, Malam. Direba ba zai riƙa tsayar da mota cike da fasinja ba. Tela a kasuwa ba zai bar shago ya yi ta sintiri maƙwabta na kallo ba. Maigadi, malamin makaranta, mai jiran layi a banki, duk haka. Sai su ajiye shi ranar fita, daga nan su ajiye shi gaba ɗaya. In likita ya tambaya su ce tsada, don talauci ya fi sauƙin faɗa. Wani dattijo ya ce wa mai buga wayarmu, "Ɗiyata, gara a ce ba ni da shi da a ce ba na iya riƙewa." Kuma kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne.

Ba kai kaɗai ba ne, Malam. Ba kuma tsufa ne kawai ba. Don Allah gobe-goben nan ka gaya wa likitanka, zai iya sauya maka wani ko ya gyara lokacin sha. Sannan ka hau ka faɗa musu a laccarka. In an gane daga ina ta fito aka kore ni, na ji, na ɗauka.

Ɗiyarka,
Auta

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Mamanki ce. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Malaminki ya faɗi a aji tun makon jiya, yana tsaye gaban allo. Yana asibiti. Ɓarin damansa ba ya motsi, magana kuma ta ɗauke, amma yana ji, yana ganewa. An ɗage laccar, ba wanda ya ce zuwa yaushe.

Na karanta masa takardarki. Da na zo inda kika ce ba shi kaɗai ba ne, sai ya damƙe hannuna, bai saki ba sai da na maimaita. Hawaye yake, ni ma haka. Da na koma gida na zazzage aljihun rigunansa na zuwa aiki, ga ƙwayoyin nan. Ni nake miƙa masa kowace safiya, ya ce zai sha a hanya.

Ban ce laifinki ba ne, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Amma ke kin san wa ke fara buɗe takarda a gidan nan. Da layi ɗaya kika rubuto, da ni da likitan mun daɗe da gyara abin.

Ki zo ki gan shi. Ba sai kin taho da wata amsa ba, yanzu ba ya iya tambaya.

Mamanki