Alamar Ragi a Shafi na Goma Sha Huɗu

Anti, ki agaza mini kafin ranar Litinin.

Ina digiri na uku a fannin fiziks. Aikina kan wata dangantaka ce mai ban mamaki: lissafin ƙarfin nan da ke jawo komai ƙasa, idan aka bi shi har bakin baƙin rami na sararin samaniya, sai ya rikiɗe ya zama lissafin gudanar ruwa. Shekara huɗu ina yi wa mahaifiyata wannan bayani, amma har yau famfo na lalacewa ni take ƙwala wa kira.

Kundina ya dogara ne kan takardar da Farfesa, mai duba aikina, ya wallafa shekara goma sha biyu da suka wuce. Ya sa ta a gilashi ya rataye a ofis, saman hoton 'ya'yansa. Makon jiya karambani ya sa na bi lissafinsa layi-layi. A shafi na goma sha huɗu akwai alamar ragi inda ta ƙari ta kamata. Da na gyara, sai ruwan cikin lissafin, wanda muke tinƙaho da shi, ya ƙi lafawa: ka motsa shi sau ɗaya, ya yi ta ƙara gudu har abada. Allah bai halicci irin wannan ruwa ba. Babi uku na kundina sun rushe ke nan.

Sau bakwai na maimaita, amsa ɗaya. Ranar Litinin za a aika kundin ga mai jarrabawa na waje. Farfesa ne ya karɓe ni lokacin da kowa ya ƙi, kuma mutum ne da waƙafi ɗaya ke sa shi zaro jan biro. Sau biyu na je ƙofarsa, na tambayi lafiyar iyali na juyo. Shekara goma sha biyu ba wanda ya gani, Anti. In yi shiru?

Mai Lissafi

Ƙanwata,

Ban san baƙin rami ba, amma na san malamai. Gaskiya ne Farfesa yana da haƙƙi a kanki, kuma abin zai yi masa zafi. Sai dai mai jarrabawar nan ma yana da idanu. In shi ya gano, ku biyu za ku ji kunya a gaban jama'a. In bai gano ba, za ki riƙe digirin da ba ki yarda da shi ba.

Ki je wurin Farfesa gobe, ke kaɗai, da lissafinki a rubuce. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki ce kin maƙale a wannan layin, ya nuna miki hanya. Mai yiwuwa akwai abin da ya kuɓuce miki. In babu, da hannunsa zai gano. Daga nan ki nemi a ɗage aika kundin, domin shi kansa gyaran kuskuren babi ne mai daraja. Idan ya turje, ki rubuta masa a takarda, sannan ki ga shugaban sashe.

Wata uku na jinkiri ba sa kisa. Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya daidaita miki harshe.

Antinku