Ni Ce Na Bar Bakin Layi

Zongo, Kwatano
Litinin, 13 ga Afrilu, 1981

Zuwa ga Soumaïla, hasken idona, iskar teku mai tasowa bayan la'asar, ruwan kwakwa a maƙogwaron mai azumi, ya wanda ban taɓa iya duban ƙwayar idonsa ba,

Ni ce, Soumaïla. Ni ce na bar bakin layi shekaranjiya Asabar. Ban faɗa wa kowa ba, ko Innata da ta haife ni. Duk sandar da ta sauka a bayanka tawa ce, jinin da ya jiƙa kakinka na makaranta nawa ya kamata ya zama. Akwai kuma abu na biyu, wanda ya girmi wannan da shekara guda cur, shi ma ban taɓa furta shi ba: ina son ka. Ka ga na rubuta. 

Ka san abin da ya faru, sai dai rabi ka sani, don haka bar ni in ɗauko daga tushe.

Tun da lakwal, makarantarmu, ta nemi masu aikin sa kai na yasar kwatocin unguwa kafin damina, aka kuma naɗa ka shugaban rukuninmu, na ba da sunana. 'Yan ajinmu sun yi dariya, wai Nimatou mai ɓoye littafin soyayya cikin littafin lissafi ce za ta riƙe shebur? Na ce don juyin juya hali ne. Ƙarya nake. Ni ban san juyin komai ba sai na zuciyata, duk sa'ad da ka kira suna ka ce "Kamarad Nimatou", in amsa ƙasa-ƙasa har sai ka maimaita. Wallahi da gangan nake yi, don in ji sau biyu.

Ranar Asabar muka kai kwatar layin shanu. Kuka ɗage katakan da aka shimfiɗa a kai, waɗanda dabbobi ke takawa in an sauke su daga jirgin ƙasa na Parakou, don ku yashe ƙarƙashi. Ka kira ni gefe ka ce, tunda 'yar masu shanu ce ni, makiyaya sun san fuskata, in tsaya can bakin layi in juya su ta ɗaya hanyar. Ka ja mini kunne cewa in garke ya riga ya shiga wannan matsatsin ba mai iya mayar da shi, na baya ke tura na gaba. Na sani fiye da kai, a cikin shanu aka haife ni. Na tsaya awa biyu. Daga inda nake ina hango ka cikin kwata har gwiwa, gumi na sauka daga goshinka kamar raɓa a kan ganyen gwaza, kana lasar leɓe don ƙishi. Sai zuciya ta ce, Nimatou, jirgi bai ma yi kuka ba, je ki ɗebo masa ruwa. A littattafan da nake saye a kasuwar Saint-Michel haka ake farawa, yarinya ta miƙa abu, hannu ya kusa taɓa hannu.

Na tafi na ɗebo. Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ban ma ba ka ba. Na zo na tsaya bayan bangon masu guga da moɗa a hannu, kunya ta daskarar da ni, ina ƙirga numfashi, ina cewa yanzu, a'a, sai ya ɗago. Ina nan tsaye ƙasa ta fara rawa.

Ya Allah, wannan ƙara! Ƙahoni cike da layi daga bango zuwa bango, ƙura, ihun makiyaya. Na ga ka fizgo yaran rukuninmu biyu ka jefa su gefe. Na ga wani farin bijimi da ke kan gaba ya zo bakin rami ya ci birki, na baya suka banke shi, ya faɗa ciki ta ka. Na ji ƙashin ƙafarsa ya karye kamar an taka busasshen kara. Yana ta kuka, wuyansa a lanƙwashe cikin baƙin taɓo, idonsa ya juye fari. Yaya Hudu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke kora garken ranar. Ya dira cikin kwata da wuƙa kafin ran ya fita ya zama mushe, ya yanka shi nan cikin ƙazanta. Jini ya yi tsiri har bango. Ruwan da kuka wuni kuna buɗe wa hanya ya tafi ja wur, ya bi gaban gidajen mutane.

Ya fito da wuƙar a hannu yana tambayar wa ya ɗage katako bai sa mai tsaro ba. Bijimin amanar wani dattijo ne daga Malanville, kuma a wurinmu amanar dabba ta fi dabbar kanka nauyi. Na ga ka waiga bakin layi, ka ga wayam. Sai ka ce: "Ni ne shugaba. Na manta ban sa kowa ba."

Su huɗu, shi da makiyaya uku, suka rufe ka da sandunan kiwo. Bugun farko a kafaɗa, na biyu a baki. Ka faɗi, ka tashi, suka sake kayar da kai. Ba ka rama ba, ka dai rufe kanka da hannu har hannun ya karye, na ji shi ma, irin ƙarar ɗazu. Haƙorinka na gaba, wanda ke fara bayyana in za ka yi murmushi, na gan shi a ƙasa cikin jini da kashin shanu. Ni kuwa ina bayan bango, baki a rufe. Wace irin halitta ce ni? Kura ma in an taɓa nata tana kuka. Na so in fito in yage fuskar Yaya Hudu da farce, in ciji hannun da ya ɗaga maka sanda har haƙorana su haɗu, in cinna wa layin nan wuta da shanunsa da katakansa duka. Ban motsa ba sai da liman ya zo ya raba.

Da yamma Yaya Hudu ya ci tuwo a tsakar gida yana ba da labari, yana cewa 'yan lakwal sun ɗanɗana. Ni na zuba masa ruwan wanke hannu. Akwai sauran jininka a bakin hannun rigarsa.

Don me ka yi haka, sanyin idona? Tausayi ne irin wanda ake ji wa ɗan tsako cikin ruwan sama? Ko kuwa, ko kuwa wani abu ne da ba ni da ƙarfin halin rubutawa? Kwana biyu wannan tambaya na cin ƙirjina kamar yadda teku ke cin gaɓa, kullum sai ta ɗauke wani yanki.

Yau a lakwal na ji sauran. Kwamitin unguwa zai zauna jibi Laraba, delege kuma, shugaban kwamitin, ya riga ya ce ba zai sa hannu a takardar shaidar aikinka ba, wai wanda ya yi sakaci da rayukan jama'a ba a ba shi amanar injin. Ba takardar, ba konkur, jarrabawar shiga aikin jirgin ƙasa, kuma Juma'a ake rufe karɓar dosiye, takardun masu nema. Soumaïla, ni na san abin da jirgin nan yake a wurinka. Ka tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai shayi kusa da tasha, mu shida, jirgin kaya ya wuce, ka rufe ido ka faɗi ciwon da ke damun injinsa daga jin sauti kawai? Kowa ya yi maka tsiya. Ni na koma gida na rubuta maganarka a bangon littafina. Shekara uku kana shiri, kana gyaran kekuna bayan lakwal don hannunka ya saba da ƙarfe, mahaifiyarka na soya ƙosai tana jiran ranar da za ka sa shuɗin kayan ma'aikata. Duk wannan zai tafi a kan ƙishin da ban ma kashe maka ba?

Ba zai tafi ba. Ranar Laraba zan tsaya gaban kwamiti in ce ka sa mai tsaro, ni ce, na gudu. Na san abin da ke jirana. Tawa takardar za ta tafi, makarantar ungozoma da nake mafarki ta tafi da ita. Baba zai ce lakwal ta ishe ni haka. Hannun Yaya Hudu kuwa na riga na ga aikinsa. Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma gara a fasa mini baki ina faɗin gaskiya da in ci gaba da ganin naka a fashe saboda shiruna.

Abu ɗaya nake roƙo, ya farin watana: kada ka ƙaryata ni a gabansu. Na san halinka, za ka tashi da karyayyen hannu ka ce yarinya ce, ruɗewa ta yi. Kada ka yi. Shi ya sa na sa cikakken sunana a ƙasa, da rubutun da duk malamanmu suka sani. In na gaza ranar, kamar yadda na saba, ka miƙa wa delege wannan takarda ya karanta, har da inda na ce ina son ka. Unguwa duka ta ji. Na ɗaure kaina da kaina don kada in samu hanyar gudu karo na biyu.

Ban ce ka so ni ba. In ka tsane ni, hakkinka ne, zan ɗauka. Amma ko an kulle ni a ɗaki, ko an kai ni arewa wurin kakanni, ko ka zama babban direba kana wuce garuruwa ba ka tuna sunana, zuciyar nan ba za ta buɗe wa wani ba har a sa ni a ƙasa.

Da na yi niyyar in ba ƙawata ta kawo maka. Na fasa. Ga shi ana kiran la'asar. In na sallame zan yafa gyale in zo gidanku da ƙafata, in gaida mahaifiyarka, in sa wannan a hannunka mai lafiya, kuma zan tsaya har ka gama karantawa.

Taka, yau da gobe da ranar da ba ni,
Nimatou Inoussa Maishanu